Darasi na Tara: Yadda Kamfanin Jirgin Sama Yake Gudanar da Aikinsa

Manufofin Darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. lissafa manyan abubuwan da kamfanin jirgin sama yake kashe wa kuɗi;
2. bayyana dalilin da ya sa tsadar mai take shafar kuɗin tikiti;
3. yin lissafin yawan fasinjojin da jirgi yake bukata kafin ya mayar da kuɗin tafiyarsa;
4. faɗar amfanin kayan nishaɗi a cikin jirgi da kuma ɗawainiyar da ke tattare da su;
5. ambata hukumomin da ke kula da sufurin sama da haƙƙin da fasinja yake da shi.

Gabatarwa

A shekarar 1925 ne jiragen sojan saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a Kano. Daga wannan lokaci zuwa yau, jirgin sama ya zama abin hawan alhazai da 'yan kasuwa da ɗalibai da masu fita neman magani. Sai dai yawancin fasinjoji abu biyu suka sani game da kamfanin jirgi: tikiti ya yi tsada, kuma jirgi bai tashi a kan lokaci ba. Wannan darasi zai nuna cewa kuɗin tikiti ba da ka ake yanka shi ba. Man da jirgi yake sha, da hidimar da ake yi wa fasinja, da dokar da hukuma ta gindaya, duk a ɗaure suke da juna. Idan ɗaya ya motsa, sauran ma sai sun motsa.

Kashi na Ɗaya: Shigar Kuɗi da Fitarsu

A tasha, direban bas ba ya tashi sai mota ta cika. Jirgin fasinja kuwa da lokaci yake aiki. Idan an ce ƙarfe tara, to ko ya cika ko bai cika ba dole ya tashi, domin ana jiran sa a wani gari. Da zarar an rufe ƙofa, duk kujerar da ba kowa a kanta ta zama asara, ba kuwa za a iya ajiye ta a sayar gobe ba. Wannan ne ya sa kamfanoni suke sayar da tikitin farko da rahusa don su tara mutane, sannan su ƙara kuɗi idan ranar tafiya ta matso kuma kujeru sun yi ƙaranci. Shi ya sa za ka ga mutum biyu a kujeru maƙwabta, amma kuɗin da suka biya ya sha bamban.

Kamfani yana samun kuɗi daga tikiti, da dakon kaya, da kuɗin kayan da suka wuce awo, da kuma shatar jirgi, kamar yadda ake yi a jigilar alhazai. Manyan ƙofofin da kuɗin suke fita kuwa su ne:

- man jirgi;
- sayen jirgi ko hayarsa, domin kamfanoni da yawa haya suke ɗauka, suna biya duk wata;
- gyara da kayan gyara;
- albashin matuƙa da injiniyoyi da ma'aikata, da horon da ake sabunta musu a kai a kai;
- inshora;
- kuɗin sauka da ajiye jirgi a fili, da kuɗin yi wa jirgi jagora a sama.

A nan akwai wani ƙulli da ya dami kamfanonin Najeriya. Da naira suke sayar da tikiti, amma haya da inshora da kayan gyara da dala ake biyan su, kuma babban gyara sau da yawa sai an kai jirgi ƙasar waje. Saboda haka duk ranar da naira ta faɗi, ɗawainiyarsu ta ƙaru ke nan, ko da yawan fasinjoji bai canja ba.

Abu na ƙarshe a wannan kashi shi ne, jirgin da ke ajiye a ƙasa ba ya kawo ko kwabo, amma kuɗin hayarsa suna tafiya. Don haka jirgi ɗaya yakan yi sawu da yawa a yini: Legas zuwa Abuja, Abuja zuwa Kano, Kano zuwa Legas. Idan ya makara a sawun safe, makarar za ta bi shi har dare.

> AKWATIN MA'ANA
> Sawu: tashi ɗaya da sauka ɗaya, daga wani filin jirgi zuwa wani.
> Cikar jirgi: kason kujerun da aka sayar a cikin ɗari. Jirgi mai kujera 100 da ya ɗauki mutum 80, cikarsa kashi 80 ce.
> Shata: ɗaukar jirgi sukutum don wata tafiya ta musamman.

Kashi na Biyu: Man Jirgi

Manyan jiragen fasinja ba fetur suke sha ba. Wani tataccen kananzir suke sha mai suna Jet A-1. An tace shi yadda ba zai daskare ba sai sanyi ya kai digiri 47 ƙasa da sifili, domin jirgi yana tafiya ne a tsayin kilomita 10 zuwa 12, inda sanyi yake da tsanani ƙwarai. Kafin a zuba shi a jirgi sai an duba ko akwai ruwa ko datti a ciki.

Matuƙa sun fi auna mai da nauyi maimakon lita. Lita ɗaya ta man jirgi tana da nauyin kusan giram 800. Jirgi matsakaici irin Boeing 737, wanda ake yawan gani a filayen Najeriya, yana ƙona kusan tan biyu da rabi a awa ɗaya, wato wajen lita 3,000. A duniya, mai yakan cinye kimanin rubu'i zuwa sulusin abin da kamfani yake kashewa. Masu kamfanoni a Najeriya sukan ce nasu kason ya kai kashi 40 cikin ɗari.

Doka ba ta yarda jirgi ya sha man da zai kai shi daidai wa daida ba. Dole ya ɗauki:

1. man zagayawa a fili kafin tashi;
2. man tafiyar kanta;
3. ƙarin ko-ta-kwana, saboda iska ko sauya hanya;
4. man da zai kai shi wani fili na daban idan sauka ta gagara;
5. ajiyar ƙarshe, wadda za ta riƙe shi minti 30 a sama.

To amma shi kansa man nauyi ne, kuma nauyi mai yake ci. Duk abin da aka ɗora wa jirgi, mutum ko akwati ko ruwan sha, sai an ƙona mai kafin a ɗaga shi. Wannan shi ne asalin awon kaya da ake yi a filin jirgi, baya ga cewa kowane jirgi yana da iyakar nauyin da zai iya tashi da shi lafiya.

Farashin mai yana bin kasuwar duniya. Bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren a 2022, mai ya yi tashin gwauron zabo. A watan Mayun shekarar, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta Najeriya ta ce lita ta tashi daga naira 190 zuwa naira 700, har ta ba da sanarwar dakatar da jigila, kafin ta janye bayan gwamnati ta sa baki. A lokacin daga waje ake shigo da man. Matatar Ɗangote da ke Legas ta fara tace man jirgi a 2024, amma hakan bai raba farashi da kasuwar duniya ba. Ban da haka, man da za a sha a Kano ko Maiduguri sai tanka ta yi dakonsa daga kudu, don haka yakan fi na Legas tsada.

Siyasa ma tana shiga tankin jirgi. Lokacin da Nijar ta rufe sararin samaniyarta a watan Agustan 2023, ga shi na Sudan ma a rufe tun watan Afrilu, jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka sun riƙa yin dogon zagaye. Kowane ƙarin minti kuwa ƙarin mai ne.

Kamfanoni suna rage shan mai ta hanyar sayen sababbin jirage irin su Airbus A320neo, waɗanda suke rage sha da kusan kashi 15 cikin ɗari, da zaɓen hanya mafi kusa, da rage nauyin kujeru da kayan abinci. Wasu kuma sukan ƙulla yarjejeniyar sayen mai a kan tsayayyen farashi na watanni masu zuwa.

> AKWATIN MA'ANA
> Man jirgi: tataccen kananzir da injin manyan jirage yake ƙonawa.
> Filin ko-ta-kwana: filin da matuƙi ya tanada tun kafin tashi, inda zai sauka idan hazo ko hadari ya hana shi sauka a inda ya nufa.
> Mayar da uwar kuɗi: matakin da kuɗin tikiti suka biya ɗawainiyar tafiya, ba riba ba faɗuwa.

Misali na 1. Waɗannan lambobi na koyon lissafi ne. A ɗauka jirgi mai kujera 150 zai tashi daga Kano zuwa Legas, zai ƙona lita 4,500, kuma lita tana naira 1,200.

- Kuɗin mai: 4,500 × 1,200 = naira 5,400,000.
- A ɗauka sauran ɗawainiya naira 8,100,000 ce. Jimla: naira 13,500,000.
- Idan tikiti naira 120,000 ne: 13,500,000 ÷ 120,000 = 112.5. Ke nan sai da fasinja 113 za a mayar da uwar kuɗi.

Yanzu a ce lita ta koma naira 1,500. Kuɗin mai ya zama naira 6,750,000, jimla kuma naira 14,850,000. A raba da 120,000, a samu 123.75, wato fasinja 124. Ƙarin naira 300 a lita ya sa kamfani yana bukatar ƙarin mutum 11 a wannan sawu kaɗai. Idan bai same su ba, ko ya ƙara kuɗin tikiti, ko ya rage sawu, ko ya ci bashi.

Kashi na Uku: Nishaɗi a Cikin Jirgi

Daga Kano zuwa Abuja tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce, ba a bukatar wani abin ɗebe kewa. Amma mai zuwa Landan ko Dubai zai shafe awa shida ko fiye a kujera ɗaya. Don irin waɗannan ne aka tanadi kayan nishaɗi.

Kamfanin TWA na Amurka ne ya fara nuna fim a kai a kai a jiragensa a 1961, a babban allo guda da kowa yake kallo. A 1992 kamfanin Emirates ya sa ƙaramin allo a kowace kujera. Yau fasinja yana zaɓen fim ko waƙa ko wasa ko karatun Alƙur'ani, yana kuma ganin taswirar da ke nuna inda jirgi yake. Wasu kamfanonin ƙasashen Musulmi suna nuna alƙibla a allon, kuma a jiragen da suka nufi Jidda akan yi wa masu Hajji da Umara sanarwa idan an kusa miƙati.

Duk wannan ba kyauta ba ne. Kamfani yana sayen na'urorin, yana biyan masu finafinai kuɗin izinin nunawa, yana gyara allon da ya lalace. Uwa uba, allo da wayoyinsa nauyi ne da jirgi zai yi ta dako kullum. Saboda haka kamfanoni masu rahusa sukan haƙura da allon. Wasu kuma suna aika finafinai kai tsaye zuwa wayar fasinja, wasu suna ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, ko kyauta ko da kuɗi.

Kayan nishaɗi ma ba su tsira daga idon hukuma ba, domin da wutar lantarki suke aiki. A 1998 wani jirgin Swissair ya kama da wuta a sama, ya faɗa teku kusa da gaɓar Kanada, mutum 229 suka rasu. Masu bincike sun gano alamar tartsatsin wuta a wata wayar na'urar nishaɗi a wajen da gobarar ta fara. Bayan wannan an ƙara tsaurara ƙa'idojin wayoyi da kayan da ke saurin kamawa da wuta. Haka kuma, duk lokacin da matuƙi ko ma'aikaciya za su yi sanarwa, fim yakan tsaya cak, domin bayanin tsira da rai ya fi kallo muhimmanci.

> AKWATIN MA'ANA
> Kayan nishaɗi: allo da abin sauraro da intanet da mujallu da ake tanadar wa fasinja don ɗebe kewa.
> Kamfani mai rahusa: kamfanin da ke sayar da tikiti da sauƙi, amma abinci da ƙarin kaya da zaɓen kujera sai an biya daban.

Misali na 2. A ɗauka jirgi yana da kujera 250, kuma allon kowace kujera da wayoyinsa kilo 4 ne. 250 × 4 = kilo 1,000, wato tan ɗaya. Idan aka ƙiyasta fasinja da kayansa a kilo 100, to allunan sun yi nauyin mutum 10 waɗanda ba sa biyan tikiti. A doguwar tafiya kamfani zai ɗauki wannan nauyi, domin fasinja zai guje shi idan babu abin kallo. A gajeriyar tafiya kuwa ba ya biyan kansa.

Kashi na Huɗu: Hukuma da Doka

Jirgi yana ƙetare iyakoki, don haka dole ƙasashe su yi aiki da ƙa'ida ɗaya. A 1944 aka sa hannu a Yarjejeniyar Chicago, wadda ta haifi hukumar ICAO ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai hedikwata a Montreal ta Kanada. Ita ke tsara mizani, kowace ƙasa kuma ta mayar da shi doka a gida. Yarjejeniyar ta tabbatar cewa kowace ƙasa ita ke da ikon sararin samaniyarta, kuma kowane jirgi yana da rajista. Rajistar jiragen Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar 5U, ta Gana 9G, ta Kamaru TJ, ta Cadi TT, ta Sudan kuma ST. Ita kuwa IATA, wadda aka kafa a 1945, ƙungiyar kamfanoni ce, ba hukumar gwamnati ba.

A Najeriya an raba aikin kamar haka:

- NCAA: ita ce mai sa ido. Tana ba kamfani izinin jigila, tana ba matuƙa da injiniyoyi lasisi, tana duba lafiyar jirage, tana sauraron ƙorafin fasinja, kuma tana iya dakatar da kamfani.
- FAAN: tana kula da filayen jiragen gwamnatin tarayya.
- NAMA: tana yi wa jirage jagora a sama.
- NiMet: tana ba da bayanin yanayi.
- NSIB: tana binciken haɗari don gano sanadi, a kiyaye gaba.
- Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da matuƙa da injiniyoyi da masu jagorancin jirage.

A Nijar, hukumar ANAC ce mai sa ido, jagorancin jirage kuwa yana hannun ASECNA, hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen Afirka da dama.

Tsananin doka yana da tarihi. A 2005 da 2006 Najeriya ta fuskanci munanan haɗurra a jere, ciki har da na Abuja a watan Oktoban 2006, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo ya rasu a cikinsa. A 2006 ɗin ne aka yi sabuwar dokar sufurin sama da ta ƙara wa NCAA ƙarfi, aka kuma sake sabunta ta a 2022.

Hannun gwamnati yana taɓa aljihu ma. A da gwamnatoci ne ke mallakar kamfanoni ko yanke farashi. Amurka ta sakar wa kasuwa mara a 1978. A Najeriya, kamfanin gwamnati Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, ya durƙushe a 2003, yau 'yan kasuwa ne ke jigila. Duk da haka ana cire kashi 5 cikin ɗari na kuɗin tikiti don hukumomin sufurin sama, baya ga kuɗin hidimar fili. Zuwa wata ƙasa kuwa sai da yarjejeniya tsakanin gwamnati da gwamnati. Kamfanin waje ma yana bukatar ya iya canja nairar da ya samu zuwa dala ya kai gida. Rashin samun hakan ne ya sa Emirates ya dakatar da zuwa Najeriya a 2022, bai dawo ba sai Oktoban 2024.

> AKWATIN MA'ANA
> Izinin jigila: takardar da hukuma take ba kamfani bayan ta gamsu da jiragensa da ma'aikatansa da tsarin gyaransa.
> Yarjejeniyar sufurin sama: daidaitawar ƙasashe biyu a kan kamfanonin da za su riƙa zuwa, da garuruwan da za su sauka, da yawan sawu.

Doka ta ba fasinja haƙƙi. Idan jirgi ya yi jinkiri, dole a sanar da shi dalili. Idan jinkirin ya yi tsawo a ba shi abin taɓawa, idan ya wuce ƙima yana iya neman a mayar masa da kuɗinsa, idan kuma ya kai ga kwana a nema masa masauki. Shi ma fasinja akwai abin da ke kansa: zuwa da wuri, bin umarnin ma'aikata, ɗaura bel, da riƙe batirin cajin waya a jakar hannu, ba a akwatin da za a sa a cikin jirgi ta ƙasa ba.

Misali na 3. Wata 'yar kasuwa za ta tashi daga Kano a watan Janairu, sai hazo ya rufe gari, aka soke tafiya. A nan doka ce ta hana matuƙi tashi, domin nisan da ido ke gani bai kai mizani ba. Za ta iya zaɓar a sauya mata rana ko a mayar mata da kuɗinta, amma ba ta da diyya, tunda hazo ba laifin kamfani ba ne. Da a ce an sayar da tikiti fiye da kujeru ne aka bar ta, to tana da haƙƙin diyya. A kowane hali ta adana tikitinta da takardar shiga jirgi, ta fara kai kuka ga kamfani, idan bai saurare ta ba ta je teburin NCAA da ke filin jirgi.

Taƙaitawa

- Kujerar da ta tashi ba kowa asara ce, shi ya sa farashin tikiti yake hawa da sauka.
- Mai na cikin manyan ɗawainiyar kamfani, kuma duk ƙarin nauyi ko nisa ƙarin mai ne.
- Kayan nishaɗi suna jawo fasinja a doguwar tafiya, amma suna da nauyi da kuɗi da ƙa'idar tsaro.
- Hukuma tana kare rai da haƙƙin fasinja, kuma dokokinta da harajinta suna cikin kuɗin tikiti.

Tambayoyin Bita

1. Kawo abubuwa biyar da kamfanin jirgi yake kashe wa kuɗi. Waɗanne ne daga ciki ake biya da dala?
2. Me ya sa mutum biyu a jirgi ɗaya suke iya biyan kuɗi daban-daban?
3. Lissafa kason mai biyar da doka ta ce jirgi ya ɗauka.
4. Jirgi zai ƙona lita 3,000, lita tana naira 1,000, sauran ɗawainiya naira 6,000,000. Idan tikiti naira 100,000 ne, fasinja nawa ake bukata a mayar da uwar kuɗi?
5. A tambaya ta 4, idan lita ta koma naira 1,400, fasinja nawa ake bukata?
6. Me ya sa jiragen cikin gida ba kasafai suke da allon kallo ba?
7. Bambanta aikin NCAA da na FAAN da na NAMA.
8. Gaskiya ko ƙarya: IATA hukumar gwamnati ce. Kawo hujja.
9. Wane bambanci ne tsakanin soke tafiya saboda hazo da barin fasinja saboda rashin kujera?
10. Tattaunawa a aji: idan mai ya yi tsada, wanne ya fi dacewa, gwamnati ta rage haraji ko kamfani ya ƙara kuɗin tikiti? Kowane rukuni ya kawo dalilai biyu.